Yadda ake gyara bidiyon da ya ƙi buɗewa a talabijin ko a PlayStation

Bidiyon biki ne ko na saukar karatu, mai ɗauka ya kawo shi a filashi, a kwamfuta yana buɗewa lafiya lau, amma da an jona shi a talabijin ɗin falo ko a PlayStation sai abu ya ƙi. Wani lokaci na'urar ba ta ma ganin filashin. Wani lokaci ta nuna sunan fayil ɗin amma ta ce ba ta san irinsa ba. Wani lokaci hoto ya fito babu murya, ko murya ta fito allo kuma baƙi ƙirin. A nan mafi yawan mutane ke yanke hukunci cewa bidiyon ya lalace, a koma wajen mai turawa a sake turowa, a dawo gida a tarar da matsalar tana nan daram.

Sau da yawa bidiyon lafiyarsa ƙalau. Wurare uku ne matsalar ke ɓuya: tsarin da aka yi wa filashin, mazubin da bidiyon yake ciki, sai kuma salon da aka matse hoton da sautin. Idan ka gane wanne ne daga ciki, gyaran ba ya da wuya, kuma duk manhajojin da za a yi aiki da su kyauta ne.

Kafin ka taɓa komai, kwafi bidiyon na asali ka ajiye a cikin kwamfuta, a folda tasa daban. Duk abin da za a yi nan gaba a kan kwafi za a yi shi. Ina nanata wannan ne domin bidiyon ɗaurin aure ko na wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya ba abu ba ne da za a sake ɗauka.

Fara da filashin

Idan na'urar ba ta ga filashin ba kwata-kwata, to kada ka wahalar da kanka da bidiyon tukuna. Jona filashin a kwamfuta, buɗe This PC, ɗora maus a kansa ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Properties. A gaban inda aka rubuta File system za ka ga ɗaya daga cikin uku: FAT32, exFAT ko NTFS.

PS3, wato PlayStation 3, ba ya karanta komai sai FAT32. PS4 da PS5 suna karanta FAT32 da exFAT, amma ba su san NTFS ba, kuma manyan hadis (hard disk) na waje da ake saya galibi da NTFS suke zuwa, shi ya sa mutum zai jona su ya ji shiru. Talabijin kuwa kowanne da halinsa. Tsofaffi sun fi yarda da FAT32, da yawa suna karɓar NTFS, wasu kuma ba sa gane exFAT. Idan ɗan littafin da ya zo a kwalin talabijin ɗin yana nan, duba shafin da ya yi maganar USB.

FAT32 shi ne wanda kusan kowace na'ura ke ganewa, sai dai yana da iyaka: ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Shi ya sa za ka ga filashi mai giga 32 babu komai a ciki, ka zo kwafa bidiyon giga 5 a ce maka ya yi girma. Ba wuri ne ya ƙare ba, ƙa'idar tsarin ce. Kamfanin Microsoft ya fito da exFAT a 2006, kuma shi ba shi da wannan iyakar. Don haka idan PS4 ko PS5 kake da shi, exFAT za ka zaɓa ka huta. Idan PS3 ne ko tsohon talabijin, sai FAT32, sannan ka tabbatar bidiyon bai kai giga 4 ba. Yadda ake rage shi yana tafe.

Canza tsarin yana goge duk abin da ke cikin filashin, don haka kwashe kayanka tukuna. Daga nan danna ɓangaren dama na maus a kan filashin, zaɓi Format, a ƙarƙashin File system ka ɗauki wanda kake so, ka bar alamar Quick Format, ka danna Start. Ka duba harafin filashin sau biyu kafin ka danna, musamman in akwai wani hadis a jone.

Idan filashin ya wuce giga 32, wannan tagar ta Windows ba za ta ba ka zaɓin FAT32 ba. A nan sai ka sauke Rufus, 'yar ƙaramar manhaja ce. Zaɓi filashin a sama, a Boot selection ka sa Non bootable, a Partition scheme ka sa MBR domin PS3 ba ya gane GPT, a File system ka ɗauki Large FAT32, sannan Start.

Ga wani gargaɗi ga masu PS4. A cikin saitinsa akwai inda aka rubuta Format as Extended Storage. Wannan na mayar da hadis wurin ajiye wasanni ne, ba na kallo ba. Da ka danna zai share komai, ya mayar da shi tsarin da kwamfutarka ba za ta iya karantawa ba. Ka faɗa wa yaran gida ma, don su suka fi riƙe hannun gem.

Inda za ka ajiye fayil ɗin

Wannan ɗan ƙaramin abu ne amma yana rikita mutane. A PS3, buɗe folda a farkon filashin ka sa mata suna VIDEO da manyan baƙaƙe, ka zuba bidiyon a ciki. In ba ka yi haka ba zai ce maka babu komai. Idan ka riga ka jona, je kan filashin a ƙarƙashin Video, danna maɓallin nan mai kusurwa uku, ka zaɓi Display All, komai zai bayyana.

PS4 ba ya zuwa da abin kallon bidiyo daga filashi. Sai ka sauke Media Player daga PlayStation Store, wadda Sony ta saki a 2015. Kyauta ce, amma sai da intanet da asusu a karon farko, bayan haka ba ta buƙatar data. Ita ma ba ta ganin bidiyon da aka yar a fili, dole ya kasance cikin folda, ko wane suna ka ba ta. A PS5 kuwa, shiga Media Gallery ka nemi sashen USB, kuma nan ma sai cikin folda.

Leƙa cikin bidiyon kafin ka juya shi

Yanzu an ga filashi, an ga fayil, amma ya ƙi tashi. Abin da ya kamata a fahimta shi ne MP4 da MKV da AVI da MOV mazubi ne kawai, kamar kular abinci: ganin kula ba ya gaya maka tuwo ne a ciki ko shinkafa. Fayiloli biyu za su iya zama MP4 dukansu, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, saboda abin da ke cikinsu ya bambanta. Don haka goge .mkv a ƙarshen suna ka rubuta .mp4 ba ya canza komai, kada ka ɓata lokacinka. Idan ma kwamfutarka ba ta nuna waɗannan haruffan na ƙarshen suna, buɗe kowace folda, shiga View ka sa alama a File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show.

Buɗe bidiyon da VLC, wannan manhajar mai alamar mazurari ruwan lemo da ɗalibai suka faro a wata makarantar injiniyoyi a Faransa. Yana cikin tafiya ka danna Ctrl da J tare. Taga za ta buɗe ta nuna maka Stream 0 da Stream 1, ɗaya na hoto ɗaya na sauti. Layin Codec za ka karanta a kowanne, sai kuma Video resolution.

Idan a na hoto ka ga H264 ko AVC, ka yi sa'a. Wannan salon tun 2003 yake, kuma PS3 da PS4 da PS5 da kusan duk talabijin mai ramin USB sun san shi. Idan ka ga HEVC ko H.265, to ga mai laifin nan. Shi ya fito a 2013, yana matse bidiyo ya ƙanƙance fiye da na farkon, amma Media Player ta PS4 ba ta buɗe shi, balle PS3, haka ma tsofaffin talabijin. Wayoyin iPhone tun 2017 da shi suke ɗauka in ba a canza saiti ba, wasu wayoyin Android ma haka. Yawancin bidiyon da ke fitar da murya babu hoto daga nan matsalarsu take. Haka kuma idan ka ga girman hoton 3840x2160, wato 4K, na'urar da ba a yi ta don haka ba, za ta ƙi shi ko da H264 ne.

A na sauti kuwa, AAC da MP3 ba su da rigima, AC-3 ma, wanda VLC ke rubutawa A52, yana tafiya a PS4. DTS ne ya fi jawo hoto ya fito babu murya.

Idan mazubi ne kawai ko sauti

A ce hoton H264 ne, sautin AAC, amma fayil ɗin MKV ne kuma PS3 kake da shi, wanda ba ya buɗe MKV. Nan ba sai an sake matse bidiyon ba. Za a juye shi ne kawai cikin sabon mazubi, cikin minti ɗaya ko biyu, kuma ingancinsa ba zai ragu ko kaɗan ba. Wata manhaja mai suna FFmpeg ce ke wannan aikin. A Windows 10 ko 11, buɗe Command Prompt ka rubuta winget install Gyan.FFmpeg ka bari ta sauka, sannan ka rufe tagar. Je foldar da bidiyon yake, danna wurin adireshi a sama, rubuta cmd ka danna Enter. A baƙar tagar da ta buɗe sai ka rubuta:

ffmpeg -i biki.mkv -c:v copy -c:a copy -sn biki.mp4

Idan kuma sautin ne DTS, bar hoton yadda yake ka canza sautin kaɗai:

ffmpeg -i biki.mkv -c:v copy -c:a aac -ac 2 -b:a 160k -sn biki.mp4

Ka taƙaita sunan fayil ɗin tukuna, kalma ɗaya ba tazara, don kada umarnin ya rikice. Wanda baƙar taga ke ba shi tsoro zai iya tsallake wannan ya wuce mataki na gaba, sai dai zai jira ya fi haka. Ni dai ina ganin koyon waɗannan layuka biyu ya cancanci wahalarsa.

Juya bidiyon da HandBrake

Idan HEVC ne ko 4K, ko kuma fayil ɗin ya yi girma, to sai an sake matse shi. HandBrake na fi yarda da ita. Tun 2003 ake aiki da ita, ba ta manna tambari a kan bidiyonka, ba ta yanke maka shi a minti biyar ta ce ka biya. Ka sauke ta daga shafinta na asali, handbrake.fr, ka guji shafukan da ke cusa maka wasu tarkace tare da ita. A Windows za ta iya neman ka sa .NET Desktop Runtime na Microsoft kafin ta buɗe, wannan ba matsala ba ce, ka sa mata.

Da ta buɗe, danna File ka zaɓi bidiyon, ko ka jawo shi da maus ka saki a tsakiyar tagar. A sama akwai Preset. Zaɓi Fast 1080p30 daga rukunin General. Wannan kaɗai ya yi rabin aikin: zai mayar da hoton H264, ya sauke 4K zuwa 1080, ya mayar da sautin AAC. Idan talabijin ɗin ƙarami ne ko kwamfutar ba ta da ƙarfi, ɗauki Fast 720p30, a allo mai inci 32 da wuya ido ya ga bambanci daga kan kujera. Akwai ma saiti masu sunan Playstation a rukunin Devices, amma na farkon nan ya wadatar kuma ya fi tafiya a na'urori daban-daban.

Sai ka bi shafukan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A Summary, tabbatar Format yana kan MP4. A Video, Video Encoder ya kasance H.264 x264, ba wanda aka rubuta 10-bit a gabansa ba, domin shi ma na'urorin nan ba sa buɗe shi. Daga dama akwai ma'aunin inganci da ake kira RF, za ka same shi a kan 22. Lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba na nufin hoto mai kyau da fayil mai girma, babbar lamba na nufin fayil ƙarami da hoto mai dishi-dishi. Ga bidiyon 1080, tsakanin 20 da 24 ne wurin zama. Bidiyon biki da aka ɗauka da dare, ga fitilu masu walƙiya ga leshi da shadda masu ƙananan zane, yana cin wuri fiye da wa'azin da malami ke zaune wuri ɗaya, don haka kada ka yi mamaki in biyun tsawonsu ɗaya amma girmansu ya sha bamban. Irin na bikin nan ba na son a wuce da shi 22, in ba haka ba zanen kayan amarya sai ya dagule ya koma dunƙule-dunƙule.

A Audio, ka ga AAC, Mixdown a kan Stereo, Bitrate 160. Idan bidiyon yana da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo kuma kana son ta fito ko ta wane hali, shiga Subtitles ka zaɓe ta ka sa alama a Burn In. Za ta manne a jikin hoton, ba za a iya cire ta ba daga baya.

Akwai wata matsala ta bidiyon sababbin wayoyi da ke ɗauka da HDR, kamar iPhone 12 zuwa sama. Bayan an juya sai launin ya koɗe, fuskoki su yi fari-fari kamar an bar hoton a rana. Maganinsa yana shafin Filters: nemi Colourspace ka sa shi a BT.709.

Yanzu batun giga 4, ga mai FAT32. Ma'aunin RF ba ya gaya maka girman da fayil zai fito da shi. In kana son tabbas, a shafin Video ka bar Constant Quality ka koma Avg Bitrate, ka yi lissafi. Bidiyon awa 2 daƙiƙa 7,200 ke nan. Idan ka sa 4000, ka ninka da 7,200 ka raba da 8, za ka samu 3,600,000, wato kusan giga 3.6, sautin ya ƙara kamar mega 144, jimilla tana ƙasa da iyaka. Na awa 3 kuwa sai ka sauko wajen 2600, kuma a nan gara ka haɗa da 720 don hoton ya fi tsabta.

Kada ka saki aikin gaba ɗaya tukuna. A saman tagar akwai Range, canza shi daga Chapters zuwa Seconds, ka sa ya juya minti ɗaya kawai daga tsakiyar bidiyon. A ƙasa wajen Save As ka ba shi suna daban da na asali, ka danna Start Encode. Ɗauki wannan guntun ka kai falo ka gwada. Idan hoto da murya sun fito kuma baki yana tafiya daidai da magana, dawo ka mayar da Range yadda yake ka saki duka. Wannan gwajin na minti ɗaya shi ke hana mutum ya kwana yana jira da safe ya tarar da aikin banza. Idan ka ga fayil ɗin ya fito da .m4v a ƙarshe kuma talabijin ya ƙi ganinsa, a nan kam canza sunan zuwa .mp4 ya halatta, don abu ɗaya ne. Za ka iya hana faruwar hakan a Preferences, sashen Output Files, inda za ka zaɓi Always use MP4.

Juya bidiyo aiki ne mai nauyi. A tsohuwar laftof zai iya ɗaukar tsawon bidiyon ko fiye, fanka na ta kuka. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, sa ta a kan tebur inda iska ke shiga ta ƙasa, balle a watannin zafi. Jona caja, ka shiga saitin wuta ka hana ta yin barci. Sannan ka yi la'akari da wutar unguwarku: idan kwamfutar ta mutu ana tsakiyar aiki, fayil ɗin MP4 da bai kammala ba ba ya buɗewa ko rabinsa, domin sai a ƙarshe ake rubuta bayanan da ke nuna inda komai yake. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS gara ya bari sai an tada janareta ko sola ta cika. Idan a jerin Video Encoder ka ga H.264 mai Intel QSV ko NVENC, zai fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai fayil ɗin kan ɗan fi girma a inganci iri ɗaya. In bidiyon da yawa ne, yi wa kowanne saiti ka danna Add to Queue, ka sake su gaba ɗaya.

Kwafa da cirewa

Kwafi sabon fayil ɗin cikin foldar filashin, ka jira ya gama, sannan ka danna Eject kafin ka zare. FAT32 da exFAT ba sa jure a fizge su ana cikin rubutu.

Idan ka yi komai daidai amma bidiyon ya fara lafiya ya tsaya a tsakiya, ko fayilolin da ka kwafa daga baya suka ƙi buɗewa har a kwamfuta, zargi filashin. Akwai na jabu da aka rubuta musu giga 64 ko 128 alhali abin da ke ciki bai kai haka ba, kuma kwamfuta za ta nuna maka lambar ƙaryar. Manhajar H2testw tana cika filashin da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka ainihin abin da yake ɗauka. Ka gwada duk sabon filashi da ita kafin ka ba shi amanar wani abu.

Filashin da ya zaga shagunan tura fina-finai kuma yakan dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a madadinsu. Kada ka danna su. PlayStation da talabijin ba za su ga komai ba alhali kayan suna nan. Fara da sa Windows Security ta bincike filashin, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin naka filashin a madadin E. Foldojin za su dawo, ka kwashe su, ka yi wa filashin fomat.

A gaba kuma za ka iya rage wa kanka wannan aikin tun daga tushe. Mai iPhone ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, wayar za ta koma ɗauka da H264. A Android, duba saitin kyamara ka kashe duk abin da ya ambaci HEVC ko High efficiency. Idan 'yan uwa za su turo maka bidiyo ta WhatsApp, ce musu su turo shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har giga 2 ba tare da an matse shi ba. Mai ɗaukar bidiyon biki kuma, tun ranar da kuke ciniki ka gaya masa: "Malam, don Allah in ka gama haɗawa ka fitar min da shi MP4, H264, 1080, sautin AAC, sannan ka ba ni na asalin daban." Duk manhajar da yake aiki da ita tana da wannan zaɓin, kuma ba zai ƙara masa ko kwabo ba.